Wankan Rabi a Hawa na Huɗu

Tun da na sauka daga mota a bakin kasuwa ban huta da tambaya ba. A bakin rijiya tambaya, a Islamiyya tambaya, jiya har wajen gaisuwar mutuwa sai da Talatu ta matso ta raɗa mini, wai yaya Abuja, kuma me ya dawo da ni a kwana ashirin da uku bayan na ce sai an yi arba'in. To, zan faɗa sau ɗaya, kowa ta buɗe kunne. Wadda ba ta nan ku kai mata, amma kada ku ƙara gishiri, da gishirinsa ya zo.

Kun dai san Rabi autata, matar Malam Nura da ke aikin ofis a can. Haihuwar fari ce, gida ya kamata ta zo, amma likita ya ce jininta ya hau, babu doguwar tafiya kafin haihuwa ko bayanta sai ranar da suka sallame ta. Shi ne aka ce ni in je in yi mata wankan. Abin da ya kai ni ke nan, ruwan zafi safe da yamma har kwana arba'in, yadda uwata ta yi mini, yadda na yi wa yayyen Rabi biyu. Ban je kallon gari ba.

Na ɗauki babbar tukunyar nan tawa ta wankan jego, na ɗaure gero, yaji, daddawa, kuka, man shanu da kanwa. Na ce a haɗa mini itace ko dami ɗaya, baban su Rabi ya yi dariya har da tari. Wai Abuja za ni ba daji ba, can famfo kawai ake murɗawa ruwan zafi ya zubo. Da bakinsa ya faɗa, mutumin da iyakar tafiyarsa Zariya, ita ma kai amarya ne.

Daga Tofa zuwa birni ba wani labari. A tasha ne direba ya zagaya tukunyata sau biyu ya ce, "Hajiya, wannan kaya ce ko fasinja?" Na ce ya tambaye ta. Aka cusa ta a bayan mota, wani bawan Allah ya ga fili a cikinta ya zuba rabin buhun albasarsa, ban sani ba sai da muka isa. Kwana uku ina wanke ta tana warin miya.

Kusa da ni wata mai sayar da atamfa ce, zaune take a bayan garin Abuja. Da ta ji irin gidan da za ni sai ta gyara zama, ta fara ce mini Hajiya da ƙarfi. Wai su a unguwarsu ruwa wajen 'yan ga-ruwa suke saye, amma irin gidan su Rabi ai sai manya, komai a jere, har ma'aikaci aka ɗauka musamman don kula da 'yan haya. Ba zan ɓoye muku ba, kaina ya ɗan kumbura. Na ba ta ƙuli-ƙuli, na ce ai rabo ne.

Bayan Kaduna taya ta fashe. Kun san abin da ake faɗa kan hanyar nan, don haka babu wanda ya yi hira, wani mai gajeren wando da ke da kiɗa a kunne tun Kano ma sai ga shi da carbi. A Tafa muka tsaya salla da abinci. Shinkafa ce da miya, da nama guda ɗaya wanda na ɗaga na duba ƙarƙashinsa ko ya ɓoye ɗan'uwansa. Ƙafata ta kumbura har takalmi ya ƙi shiga, haka na shiga Zuba da la'asar ina jan silifa ɗaya.

Malam Nura na jira a tasha. Ya durƙusa har ƙasa cikin kwat ɗinsa ya gaishe ni, ni kuma na kau da kai ina amsa wa tayar mota, kun san sha'anin suruki. Tukunya ta ƙi shiga tasi, aka bar bayan motar a buɗe aka ɗaure da igiya. Haka muka ratsa manyan titunan nan tana ƙara, mutane na waiwaye.

Ni ban taɓa ƙetare iyakar ƙasa ba, amma Hajiya Mairo da ke zuwa Maradi saro kaya ta ce ko can ba a yi mata tambayoyin da aka yi mini a get ɗin gidan. Sunana, sunan ƙauyenmu, lambar waya, wurin wa na zo, me na zo yi, me ke cikin buhu. Maigadin dattijo ne mutumin Azare, Malam Habu, yana tambaya yana ba ni haƙuri. Da ya zo kan kwana nawa zan yi na ce arba'in, sai ya ajiye biro.

Ya ce, "Hajiya, dokar gidan nan baƙo ba ya wuce kwana goma sha huɗu sai da izinin Manaja."

Malam Nura ya ce ai takarda biyu ya rubuta wa Manaja tun kafin haihuwa, har yau ba amsa. Malam Habu ya gyaɗa kai irin na wanda ya saba ji, ya rubuta sha huɗu, ya ce in shiga abina, Manaja bai taɓa buɗe littafin nan ba.

Da aka buɗe get na ga abin kallo, ba ƙarya. Ciyawa kore shar a tsakiyar bazara, fulawa ja da fari, ga wani ɗan ƙarfe yana juyawa yana feshin ruwa. Mu a nan an baro maza suna kai taki gona ƙasa na ƙuna, can ciyawar da ko akuya ba a bari ta ci ita ake wa wanka. Sunan gidan na rubuce da Turanci a bango, Malam Nura ya fassara mini, wai Lambun Kwanciyar Hankali. Na ce madalla.

Benaye huɗu ne dogaye, su Rabi na hawa na huɗu a na ƙarshe. Akwai lif, akwatin nan da ke ɗaukar mutane sama, an manna masa takarda wai ana gyara. Takardar har ta yi ja don tsufa, Malam Nura ya ce a jiki suka tarar da ita. Matakala sittin da huɗu ce, na ƙirga, daga baya ma gwiwata ta haddace. Shi kuma ya ɗora tukunya a kai, ga kwat ga takalmin ofis, yana gaba ina baya ina roƙon Allah kada mu haɗa ido.

Na tarar da Rabi kwance, jaririya kwana biyar a gefenta. Ƙafafunta sun yi suntum, fuskar ta yi fari, leɓe a bushe. Na ɗauki yarinya na yi mata addu'a, ban ko cire mayafi ba na ce ina banɗaki, a nuna mini famfon ruwan zafin nan in fara aiki. Rabi ta kalli mijinta, shi kuma ya kalli silin.

Famfo bakwai ne a gidan. Na bi su ɗaya bayan ɗaya na murɗa, kowanne ya yi tari ya yi shiru. A bango ga wata farar tukunya an kafe, wai ita ce hita mai dafa ruwa, tana nan fes ba ta taɓa wahala ba. Ashe kwana tara ke nan injin da ke hawa da ruwa tanki ya lalace. Tun da aka sallamo Rabi daga asibiti tawul ake jiƙawa a ruwan buta ana goge mata jiki. Mai jegon fari, jama'a. Na zauna a bakin gado, wallahi sai da idona ya kawo ruwa, shi ne ruwan farko da na gani a gidan.

Za ku ce to a sayi na 'yan ga-ruwa. An hana su shiga da kurarsu, wai suna ɓata tsarin gida. Tankar ruwa na zuwa ranar da Manaja ya tuna, in ta zo kuma sai ka ga manyan mutane masu gilashi suna ture juna da bokiti. Masu mota su fita da jarkoki a baya su ɗebo. Malam Nura ba shi da mota, da safe kafin ya tafi aiki zai fita get ya ɗauko jarka biyu a hannu ya hau matakalar nan. A ciki za a yi girki, alwala, wankin jaririya, a kora banɗaki, sannan abin da ya rage wai shi ne na wankan jego. Sai na tuna mai atamfa da ƙuli-ƙulina.

Zaman gidan kuwa ku bari kawai. Banɗaki a cikin ɗaki, kicin na manne da shi, bango kuma ko atishawa ka yi an ji. Ni da surukina sai da muka ƙirƙiro doka ba tare da mun yi magana ba, duk wanda zai fito falo ya yi gyaran murya sau biyu. Abinci biredi ne da taliyar leda. Na ce zan tuƙa tuwo, tukunya ta dinga zamewa a kan gas, Rabi ta riƙe mini kunnenta ina tuƙi. Kanwar da na sha wahalar ɗaukowa kuma likita ya hana saboda hawan jinin. Na bi maganarsa, ai 'yata ce, amma ku faɗa mini sunan kunun kanwar da babu kanwa.

Washegari na yi abin da kowace mai hankali za ta yi, na ɗauki goro na bi ƙofa-ƙofa in gaida maƙwabta in sanar da suna. Kowace ƙofa da 'yar huda a tsakiya, sai ka ga ido ya leƙo ya koma. Wani ya buɗe iya tsawon sarƙa ya ce ba ya saye. Wata ta buɗe, ta kalle ni sama da ƙasa, ta miƙo mini ledar shararta. Na karɓa kuwa, don ban gane ba sai da ta rufe ƙofa. Mutum ɗaya ce ta ce in shigo, Maman Ngozi da ke fuskantar ƙofarmu, wadda ta girma a Sabon Garin Kano, Hausarta ta fi ta wasu jikokinmu. Da ta ji abin da ya kawo ni ta dafe ƙirji. Ta ce su ma haka suke yi, uwa ce ke zuwa ta gasa wa 'yarta jiki da ruwan zafi ta yi mata farfesu, ita tata uwar ta rasu kafin haihuwarta ta fari, ba wanda ya yi mata. A take ta ba ni rabin ruwan duronta.

Ranar suna mu tara ne har da mai jego. An hana yanka a cikin gida, don haka ragon a leda ya zo, ban ga fuskarsa ba. Yarinya ta ci sunana, Saudatu, ana ce mata Ummi.

Yanzu bari in zo kan Manaja. Ofishinsa na ƙasa kusa da get, da labule da na'urar sanyi, don shi layin wutarsa daban ne. Kullum in na je sai in tarar da wata mata a tebur tana gyaran farce, ta ce ya fita taro. Na je da safe taro, da azahar taro, na ce wannan bawan Allah ko gwamna sai haka. Ta ba ni takardar koke wai in cike, na ce ta rubuta da kanta, kalma biyu ce, babu ruwa. Ta rubuta ta jefa cikin wani kwali da ya cika har yana zuba.

'Yan hayar suna da gurup a waya, a nan suke jarumtarsu. Tun safe wayar Rabi ke ƙara, wannan ya ce zai kai kotu, wancan ya ce ya san wani babba. Can da yamma Manaja zai turo amsa, kullum iri ɗaya, Rabi ta fassara mini: suna sane, suna kan aiki, sun gode da haƙurinmu. Ni dai ban ba shi haƙurina ba, ban san inda ya samo shi ba da har yake godiya. Ranar Lahadi suka yi taro a inda ake ajiye motoci, ina kallo ta taga. Awa biyu suka yi, aka naɗa kwamiti, kwamitin ya rabu biyu kan wanda zai fara sa hannu a takarda. Na ce wa Maman Ngozi mu a garinmu shekaran bara rijiyar masallaci ta rufta da safe, mai unguwa ya yi kira, kafin la'asar an yashe ta ana alwala. Ta ce ai nan kowa ya yi karatu.

Haka muka yi ta lallaɓawa da buta uku a kan gas, ruwan da kafin ka haɗa na uku na farko ya huce. Jikin Rabi bai saki ba. Ƙugu na ciwo, mara na ciwo, nono ba ya zuwa sosai, Ummi ta tsotsa ta saki ta yi ta kuka. Ranar da na cika kwana goma sha biyu na tarar da Rabi tana rawar sanyi cikin zafin nan, ta kasa miƙewa sai da na ɗaga ta. Na sauka ƙasa raina a ɓace na tsaya gaban ciyawar nan ana mata feshi. Na ce, "Malam Habu, wai wannan ruwan daga ina yake fitowa?"

Ya ce, "Ai wannan na fulawa ne, Hajiya, ƙaramin inji gare shi daban. Na mutane ne ya lalace."

Na ce to me ya sa na fulawa ba ya lalacewa? Ya waiwaya hagu da dama ya ce ai shi masu neman haya ke fara gani in sun shigo.

Na sauko da tukunyata, na zare robar feshin na cika ta taf. Gefen fulawar an jera wasu duwatsu an shafa musu farin fenti, daidai girman murhu kamar don ni aka sassaƙa, na ɗauki uku na kai bayan benenmu. Malam Habu ya ba ni wani karyayyen benci ya ce shi bai gan ni ba. Akwai darbejiya a bayan katanga da reshenta ya leƙo, na karyo ganye. Kafin hantsi ya ɗaga ruwa na tafasa, ƙamshin darbejiya ya cika wurin. Ni da Maman Ngozi muka dinga hawa da bokiti, sawu uku kowa.

Ranar Rabi ta yi wanka. Na sirka mata yadda likita ya ce, na tsoma ganye na dinga fyaɗa mata a ƙugu da gadon baya, tana cewa wayyo Inna, ina cewa yi shiru. Da muka gama ta sha kunu kofi biyu ta kwanta, ba ta farka ba sai azahar, ta tashi gaban rigarta ya jiƙe da nono. Ummi ta sha har ta yi gyatsa. Na zauna ina kallonsu, ban taɓa jin daɗin wani aiki da na yi a duniya kamar wannan ba.

Da na sauka kwashe toka, wa zan gani? Wani gajere da kwat, waya biyu a hannu, turarensa ya danne hayaƙin. Manaja ne, kwana ashirin da ɗaya babu ruwa ba a ga ƙeyarsa ba, hayaƙin rabin awa ya fito da shi daga taro. Ashe wani ya ɗauki hotona ta taga ya tura gurup. Ya fara da Turanci, na bar shi ya gama, na ce ban ji ba. Sai ga Hausa tas a bakinsa, ɗan gida ne ashe.

Ya ce, "Mama, nan fa ba ƙauye ba ne."

Na ce, "Na lura, ɗana. A ƙauye akwai ruwa."

Ya ce wuta haɗari ce, duwatsun nan kayan kamfani ne, ruwan fulawa ba na 'yan haya ba ne. Na ce to yaushe za a gyara na 'yan hayar, ga mai jego a sama. Ya ce suna sane, suna kan aiki. Na ce ya tsaya nan, ragowar na haddace. Ya ce wannan gargaɗi ne, ya juya ya tafi yana kaɗe kwat.

Malam Nura da ya ji, sai ya fi kullum yawan gyaran murya. Rabi ta ce, "Inna, ki yi a hankali, mutumin nan ba shi da kirki." Na ce rashin kirki ai mun gani a gida ma. Na ci gaba da hura wutata da sassafe kafin ofis ya buɗe, kwana bakwai a jere, Rabi ta fara takawa har falo, kumburin ƙafa ya fara saɓewa. Da na tsaya a nan da yanzu ina can.

Amma kun san halina. Na ce har yaushe za a yi ta satar ruwa kamar ɓarayi a gidan da mutane ke biyan kuɗinsu? Na tuna yadda muke yi a nan. In mai unguwa ya yi biris da magana, ba a samunsa a ɗaki, bari ake sai ya yi baƙi a ƙofar gida, mata su taru su faɗa a gaban mutane. Kunya ta kama shi, washegari a ga aiki. Malam Habu ya ce mini ranar Asabar Manaja zai kawo masu neman haya su ga gida. Na ce shi ke nan.

Ranar Asabar na jinkirta wutata sai da rana ta fito sosai. Maman Ngozi ta tattaro mata biyar, har da mai ledar shara, kowa da bokitinta fayau. Sai ga Manaja da wani Alhaji da matarsa, yana nuna musu fulawa yana murmushi. Muka jeru a gabansu. Na gaida Alhajin, na gaida matar, na ce, "Hajiya, gida kam ya yi kyau, Allah ya sa alheri. In kun hau sama dai, kafin ki kalli labule ki murɗa famfo." Ta kalli bokitanmu, ta kalli hayaƙin da ke tashi a bayan bene, ta kalli mijinta. Ko matakala ba su taka ba suka koma mota.

Manaja ya kalle ni kawai ya shige ofis. Matan suka dinga tafa mini, na hau sama ina jin kaina wata tsiya, na ce wa Rabi ta sa ido, kafin Litinin za ta ji famfo na zuba. Ba ta yi dariya ba.

Washegari, ranar Lahadi fa, ranar da ba a aiki, takarda ta iso. Malam Nura ya karanta a tsaye a bakin ƙofa, ya shiga ɗaki wajen matarsa, na ji suna magana ƙasa-ƙasa. Can ya fito ya wuce masallaci ba tare da ya ko yi gyaran murya ba. Rabi ta fito ta same ni ina tankaɗen gari, ta durƙusa a gabana da ƙafafun nan nata.

Ta ce, "Inna, takardar ta ce baƙuwarmu ta wuce kwanakin da doka ta yarda, ta hura wuta, ta taɓa kayan gida. Ko ta bar gidan cikin kwana biyu, ko mu mu tashi ƙarshen wata."

Na ce maganar injin fa? Ta ce babu ita a ciki. Na ce to ta haɗa kayanta mu tafi Tofa tare, ga rijiya ga itace ga darbejiya a tsakar gida. Ta ce likita bai sallame ta ba, duk mako ake auna jininta, kuma in suka tashi daga nan ina za su da jaririya, gidan da ke kusa da asibiti da wajen aikinsa ba a samunsa a wata guda. Na ce matan jiya fa, da kwamiti? Ta nuna mini wayar. Gurup ɗin da ke ƙara tun safe ya yi tsit, mutum ɗaya ne ya rubuta, wai gaskiya hayaƙin na damun mai asma.

Sai ta kama hannuna ta ce, "Inna, don Allah ki yi haƙuri ki tafi gida."

Na yi shekara hamsin da takwas a duniya, an faɗa mini maganganu, amma babu wadda ta taɓa yi mini zafi kamar wannan. Kuma babu wanda zan riƙe. Yarinyar gaskiya ta faɗa, tana faɗa tana kuka. Ni ce na ɗauka kunya na aiki a kan kowa, ban san akwai mutumin da takarda ta tsaya masa a madadinta ba. Wankan da nake sata mata lafiya lau, ni na je na tona shi da bakina don a tafa mini.

Kwana biyun na yi su ina koya wa Maman Ngozi yadda ake riƙe ganye da inda ake fara gasawa. Ta ce za ta dinga dafawa a gas buta-buta, in an sami ruwan. Na bar mata yaji da geron da ya rage. Ranar da zan taho na sauka na tarar an manna sabuwar doka a kowace matakala, an mayar da duwatsuna an sake musu fenti, famfon fulawa kuma an yi masa akwatin ƙarfe da sabon kwaɗo. Cikin kwana biyu aka sami maƙeri da mai fenti da mai buga takarda. Kada wanda ya ce muku mutumin nan ba ya aiki.

Malam Habu ya buɗe littafi ya rubuta fitata, bai ɗago kai ba ya ce in yafe masa. Malam Nura ya raka ni Zuba, ya durƙusa, na ce wa tayar mota Allah ya yi masa albarka. Hanyar dawowa ban san yadda ta wuce ba, ko a Tafa ban sauka ba.

Yau kwanan Ummi talatin da biyar. Da safen nan na kira Rabi, na ce yaya ruwa. Ta ce, "An gyara, Inna, tun shekaranjiya. Ruwa har ya yi yawa, yanzu ma wankan zan shiga." Muryarta garau, har da 'yar dariya. Sai dai a bayanta ina jin kofi yana kankarar gindin bokiti, a hankali, ana karkata shi ana tattaro na ƙarshe. Duk bazarar duniya da wannan ƙarar na tashi, ba wanda zai koya mini ita.

Na ce to alhamdulillahi, ta yawaita zuba ruwan a ƙugu, kada ta yi masa rowa.

Ta ce, "To, Inna. Zan yawaita."